Ajin gajeren labari ya yi daɗi, wajen tacewa aka ɓata mini rai

Masu tambaya ta game da ajin nan na koyon rubutun gajeren labari da ake ta tallarsa a zaurukan WhatsApp na marubutan Katsina, ga amsarku a wuri ɗaya. Ba sai na faɗi sunan malamin ko kuɗin ba, duk wanda ke harkar ya sani. Ni biyun na biya, kuɗin aji da kuɗin tace labari, kuma ba ɗaya suka fito ba.

Ajin kansa ya biya ni. Malamin bai tara mana jigo, zubi da tsari, salo da taurari ya ce mu haddace kamar masu shirin jarrabawa ba. Tambaya biyu yake yi wa duk labarin da aka turo: me tauraron yake so, kuma wa ya tare masa hanya? In ba a samu amsa ba sai ya ce babu rikici, abin da babu rikici kuwa rahoto ne, ba labari ba. Ya hana mu cika gida da jama'a. Babban tauraro ɗaya, sai mutum biyu ko uku a gefensa, wuri ɗaya, lokaci gajere. Mu da muka saba da dogayen littattafan waya, inda ake fara yarinya daga ranar suna a kai ta har ɗakin miji, wannan ya zo mana da wuya. Ya kuma daɗe a kan wanda ke ba da labarin, ko daga cikin fage yake yana cewa "na", ko daga bayan fage, da yadda marubuci ke tsallakawa daga zuciyar wannan zuwa ta wancan ba tare da ya lura ba. Wani dare ma ya shagala da tarihi, gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya daga Zariya, da yadda Abubakar Imam yana malami a Makarantar Midil ta nan Katsina ya shiga ta. Ya cinye mana lokacin darasi, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da ya fi nanatawa, har muka riƙa tsokanarsa da shi, shi ne kada marubuci ya hau mumbari. Ka nuna, mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Ku riƙe wannan.

Na shirya labarina ne don Hikayata ta BBC Hausa, gasar mata da aka fara a 2016, wadda aka saba neman kalmomi 1,000 zuwa 1,500 a cikinta. Labarin wata Ladidi ne a Ƙofar Marusa, ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, an zo rabon gado. Keken ɗinkin da take ci da marayu da shi mijin ne ya saya, kuma bai taɓa cewa ya ba ta a gaban kowa ba, don haka ƙanin mijin ya sa shi cikin lissafi. Ita tumuni ne rabonta, ba zai sayi keken ba. Duk abin daga azahar ne zuwa la'asar, a tsakar gida. A ƙarshe ana kiciniyar ɗaga keken, sai ta ce a dakata ta share ƙura, ta zare kwarkwaron ta ƙulle a haɓar zane, aka fita da keke. Nan na tsaya. Ban ce ta yi daidai ba, ban ce ta yi laifi ba. Wannan ƙarshen shi ne ya fi ba ni wuya, shi na fi so a duk labarin.

Na tura wa malamin labarin don tacewa, aka riƙe shi har ranar rufe gasa ta kusa, sai da na yi ta tuni. Da ya dawo na buɗe, na ga an ƙara sakin layi uku a ƙasa. Ƙanin miji ya yi hatsari a hanyar Jibiya, ya karye, ya aiko a nema masa gafara, an dawo da keke. Ladidi ta auri wani Alhaji ya buɗe mata shago. Sannan aka rufe da jan hankali ga masu cin dukiyar marayu. Wallahi sai da na duba ko fayil ɗin wata aka turo mini. Kwarkwaron nan da na ɗora labarin gaba ɗaya a kansa ya zama ba shi da amfani, tunda keken zai dawo ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Tauraruwar da ta yi abu ɗaya da hannunta a rayuwarta, an mai da ita mai zaman jiran mota ta faɗi da wani. Ga lokaci da muka ce yini guda, an ja shi shekara. Ga kalmomi sun haura 1,500. Kamar ka kai wa tela riga ya rage maka hannu, ka dawo ka tarar ya yi mata aljihu a baya.

Na kira shi. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ba kai ka ce kada mu hau mumbari ba?" Ya ce, "Malama, a yi haƙuri, mutanenmu ba sa son azzalumi ya ci bulus. Sai an nuna musu sakayya." To in haka ne, me ya hana a faɗa mana a aji? Kuma ko da gaskiyarsa, ai shawara ce zai ba ni a gefe, in ɗauka ko in bari. Mai tacewa ba ya rubuta wa mutum ƙarshen labarinsa.

Wani abin da ya ƙara tunzura ni, sakin layin da aka ƙara cike suke da "ya na" da "ta na" a rabe, ga ƙ da ɗ duk babu lanƙwasa. Mutumin da ya kwana yana mana faɗa a kan ƙa'idojin rubutu ba zai yi wannan ba. Zargina wani daga cikin yaransa ya miƙa wa aikin. Na tambaye shi kai tsaye, ya sako wata maganar.

Amma zan faɗi gaskiya, gyaran da aka yi a farkon labarin hannun gwani ne. An cire sakin layina na farko da ke bayanin zafin rana da tarihin auren, labarin ya fara daga sallamar masu rabon gado a zaure, kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. An rage wa ƙanin mijin magana, sai muguntarsa ta fi fitowa. Wannan na karɓa da hannu biyu. Shi ya sa ma abin ya fi ciwo, don wanda ya iya wannan ya san abin da aka yi wa ƙarshen.

Sai kuma na tuna an yi alkawarin karatu na biyu kyauta bayan gyara. Har yau shiru. Saƙonnin muryarsa na darasi ma wani ya kai rabin awa, data ta tafi, babu rubutaccen bayani da mutum zai koma ya duba.

Ajin dai ku shiga, musamman masu farawa. Tacewa kuwa, in har za ku biya, ku ajiye kwafinku na asali, ku kuma sa sharaɗi tun farko cewa duk gyara a yi shi da launi daban a gefe, kada a taɓa cikin labari. Ni daga tsohon kwafin wayata na dawo da ƙarshena. Na nemi a mayar mini da rabin kuɗin tacewar, an ce za a duba.