Dokar hannu ko manhaja mai koyo, wacce ta fi kama na'urar da ta fara rikicewa?

Kusan kowace na'ura ta zamani, sabar ce (kwamfutar da take yi wa wasu kwamfutoci hidima) ko injin masana'anta, tana ajiye log, wato rajistar abin da ya faru da lokacin da ya faru, matsalar dai waye zai zauna yana karanta dubban layuka kullum.

Hanya ta farko kai ne za ka kafa doka. Ka ce in zafi ya wuce kaza, ko saƙon syslog (tsarin da na'urori ke aika saƙonnin log da shi) mai matakin tsanani 0 zuwa 3 ya fito (0 ne mafi tsanani, 7 na masu gyara ne kawai), a buga ƙararrawa. Sauƙi gare ta, kuma in ta yi ƙara ka san dalili nan take. Amma fa abin da ka riga ka hango kawai take kamawa, injin da yake mutuwa yana tashi sau 2 yau, gobe sau 4, jibi 7, alhali iyakarka 10 ce, wallahi shiru za ka ji har ya kusa lalacewa.

Ta biyu manhaja ce da take koyon halin na'urar lokacin da take lafiya, sai ta yi magana in jerin abubuwa ko yawansu ya sauya. Irin wancan injin ita za ta fara lura da shi. Sai dai in ka koya mata da log ɗin da dama akwai matsala a ciki, to ta ɗauki matsalar a matsayin daidai kenan, kuma da an sabunta sofwaya sai ta yi ta ihun banza har ma'aikata su daina kula ta, ga shi sau da yawa ba ta faɗin dalili.

Ni in na'urorin ba su da yawa dokar hannu zan ɗauka.