Taswirar Chase ko ta Gill: wacce ta dace da bangon mai tara kan sarki?

Malam, ka tambaya tsakanin taswirar kan sarki ta Ernest Dudley Chase da taswirar gidan waya ta MacDonald Gill, wacce za ka sa a buga maka ka rataya a falo. To ai ba aiki ɗaya suke yi ba. Sai ka fara sanin abin da kake so baƙo ya tsaya ya kalla: kan sarkin, ko hanyar da wasiƙar ta bi.

Chase Ba'amurke ne, mazaunin Winchester a jihar Massachusetts, kuma da zanen katin gaisuwa ya daɗe yana cin abinci. Taswirarsa ta kan sarkin Amurka ta fito a 1947, shekarar da kan sarkin ƙasar na farko, mai hoton Franklin da mai hoton Washington, suka cika shekara 100. Dabararsa ita ce ya shimfiɗa ƙasar, sannan ya zana kowane kan sarki a kusa da wurin da labarinsa ya shafa. Wanda aka buga don tunawa da wata jiha, can za ka same shi zaune a kanta. Mai tarawa kan ɗauko kundinsa ya zauna yana dubawa: wannan ina da shi, wannan saura. Aibinta ɗaya, cunkoso. Chase ba ya ƙaunar ganin fili, duk inda ya samu sarari sai ya cusa wani abu, kamar teburin mai koli ranar kasuwa. Daga nesa ba ka gane komai, sai ka matso har hancinka ya kusa taɓa takardar.

Gill kuwa mutumin Ingila ne, ya rasu a wannan shekara ta 1947. Shi ba don masu tarawa ya yi tasa ba. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ce ta ba shi aikin fosta don tallata kanta: ya yi ta wayar tarho mai tafiya ta iska a 1935, ya yi ta hanyoyin jiragen ruwa masu ɗaukar wasiƙu a 1937. Wannan ta biyun nake nufi. Layuka ne suka fito daga tashoshin Birtaniya suka ratsa tekuna, ga jirage an zana, ga rubutu mai tsabta. Ba abin mamaki ba ne, don shi ne ya tsara haruffan da aka sassaƙa a duwatsun kaburburan sojojin daular Birtaniya bayan yaƙin duniya na ɗaya. Sai dai ka sani, duniyar a idon mai mulkin mallaka aka zana ta, kowace hanya gidansu take komawa.

Ta Gill ta fi kusa da tarihinmu. A wancan zamani jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster ne ke ɗauko wasiƙu daga Liverpool zuwa Legas, jirgin ƙasa ya hauro da su Kano. In kana da tsohuwar ambulan mai kan Sarki Joji na Ingila, irin tafiyar da ta yi ke nan. Ta Chase labarin Amurka ne zalla, in ba kan sarkinsu kake tarawa ba, da wuri za ta gundure ka.

Ni dai ta Gill zan kai falo, ta Chase in ajiye kusa da teburin aiki inda ake zama da gilashin ƙara girma. Na asali suna da tsada, musamman na Chase da ya sa wa hannu da fensir, don haka sabon bugu ya wadatar. Kafin ka biya mai bugawa, nemi hoto mai inganci, ka ja shi a kwamfuta ka ga ko ƙananan rubutun na karantuwa. Kada ka yarda a ƙanƙance ta Chase, haƙoran kan sarkin ma ba za su fito ba. Kuma a sa gilashi, a nisanta da taga, don rana na cin launi.