Marakish ko Rabat: Wane Hubbaren Sarakuna Ya Fi Cancantar Ziyara?

Alhaji, game da tambayarka kan wurin da ya fi dacewa ka ziyarta a ƙasar Maroko, tsakanin makabartar sarakunan daular Sa'adiyawa da ke Marakish da hubbaren Sarki Muhammadu na Biyar da ke Rabat, shawarata ita ce ka ba Marakish ranar taka. Na je duka biyun, amma ta Marakish ce har yau nake marmarin komawa.

Makabartar tana jikin masallacin Kasba, kuma Sarki Ahmad al-Mansur, wanda ya yi mulki daga 1578 zuwa 1603, shi ne ya ƙawata ta, a nan kuma aka binne shi da mahaifiyarsa Lalla Mas'uda. Wannan sarki ne ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a 1591, daga baya aka kwaso malaman Tumbutu zuwa Marakish, har da Shehu Ahmad Baba, saboda haka duk wanda ya san wannan tarihi ba zai kalli ruwan zinaren da ke rufin ba tare da ya tuna da ƙasar Songhai ba. Ɗakin da kabarinsa yake yana tsaye ne a kan ginshiƙai 12 na marmara da aka kawo daga Italiya, sama katakon al'ul ne da aka sassaƙa, bango kuma ya sha zane da rubutun Larabci. Bayan daular Sa'adiyawa ta shuɗe an toshe hanyar shiga wurin, sai a 1917 aka sake buɗe shi.

Ba a barin mutum ya shiga wannan ɗaki, daga wata ƙaramar ƙofa ake leƙawa, shi ya sa layi yake tsawo. A cikin layin ne na haɗu da wani dattijo magini, wanda da ya ga ina shafa bango da ido, sai ya yi mini bayanin tayil ɗin da suke kira zalij: kowane ƙanƙani da hannu ake sare shi, a jera su a kife a ƙasa, a zuba musu kwaɓi ta baya, sannan a ɗaga a manna. Da layi ya zo kanmu ya ja da baya ya ce in fara gani, domin ni baƙo ne. Allah ya saka masa da alheri.

Na Rabat kuwa yana da tsabta, shiga kyauta ce, akwai dogarai a kan dawakai a bakin ƙofa, amma sabon gini ne, a 1971 aka kammala shi, kuma daga bene za ka leƙa kaburburan ka fito; hasumiyar tsohon masallacin Hassan da ke gabansa, wadda aikinta ya tsaya a 1199, ta fi riƙe ni.

Ka yi hattara da samarin da ke tare baƙi a lungunan Marakish suna cewa an rufe makabartar yau, domin shagon darduma ko majema za su kai ka, sannan su nemi ladan rakiya. Kada ka sayi tikiti a hannun kowa sai a tagar da ke bakin ƙofa, kuma duk wanda ya nuna maka guntun tayil ya rantse cewa na zamanin al-Mansur ne, sabon aiki ne aka shafa wa ƙasa. Ka je da safe da zarar an buɗe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.