Wata Biyar da Doguwar Shokazoba a Hanyoyin Gadarif

Duk wanda ya hau babur a Gadarif, a gabashin Sudan, da damina ya san halin baƙar lakar nan, wadda tarakta ke yi wa kwari biyu ta bar tudu a tsakiya. Babur ɗina ƙirar Indiya ne, kuma bayan shekara huɗu yana ɗaukar buhu zuwa gona, bayansa ya zauna har tayar tana gogar madigadi idan na goya mutum. Wannan ya sa na cire shokazoba biyun da ya zo da su, masu tsawon milimita 340 daga ido zuwa ido (wato daga ramin ƙusar sama zuwa na ƙasa), na sa na kasuwa masu milimita 360, waɗanda a nan ake kira musa'id.

Da na auna daga ƙasa zuwa kariyar ɗora kaya, na ga bayan babur ɗin ya tashi da kusan santimita biyu da rabi, kuma tun daga ranar taya ba ta sake taɓa madigadi ba ko da buhun riɗi a baya. Sifirin ɗin yana da matakai biyar na tauri. Ina barinsa a na biyu idan ni kaɗai ne, in kai shi na huɗu idan da kaya.

Inda na yi kuskure shi ne sarƙa. Da bayan ya tashi sai na ga ta yi sako-sako, na ɗaure ta kamar yadda na saba, kuma cikin mako guda ta fara kuka duk lokacin da na faɗa rami. Wani dattijon bakanike, wanda muke kira Baba Usta, ya sa ni da ɗana muka hau babur ɗin tare, ya kama yatsana ya ɗora a kan sarƙar, na ji ta kamar tsirkiyar baka. Ya bayyana mini cewa sarƙa ta fi ɗaurewa ne a lokacin da ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya miƙe daidai da ƙaramin sifaket, wato mai haƙoran da ke jan sarƙa daga inji, saboda haka babur da aka ɗaga dole a duba sarƙarsa da nauyi a kai. Ya sassauta ta, ya kuma daidaita sandar birkin baya.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Jak ɗin gefe ya yi gajarta har babur yana kwantawa fiye da kima, sai da aka yi masa waldar ƙarfe a ƙasa, kuma hasken fitila ya faɗi kusa da taya har sai da na ɗaga fitilar. A kwalta kan babur ya fi saurin juyawa, abin da ya ɗauke ni kwanaki kafin hannuna ya saba.

Ga mai ɗaukar kaya a hanyar gona, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, amma ba zan wuce ƙarin milimita 20 a tsawon shokazoba ba. Ƙanena, wanda bai kai ni tsawo ba, ya hau sau ɗaya ya ce da ƙyar ƙafarsa ke kai ƙasa a cikin laka, don haka nasa mun bar shi yadda yake.