Zango shida, baƙi shida: wanne za ka fara sa wa a memorinka daga Line of Duty?

Wani ƙanina ne ya kira ni daga shagon masu tura fina-finai, ya ce gurbin da ya rage masa a waya ba zai ɗauki Line of Duty gaba ɗaya ba, wane zango zai fara karɓa? Na ce masa na 2. Ya ce ai mai shagon ya ce na 6 ya fi zafi. Na ce mai shago na son ya rage kayan da ke kansa ne, kai dai karɓi na 2 ka dawo mu yi magana.

Ga wanda bai san shirin ba, na BBC ne, Jed Mercurio ya rubuta shi, kuma zango shidan da nake magana a kansu sun fito tsakanin 2012 da 2021. Labarin wani sashe ne na 'yan sandan Ingila mai suna AC-12, wanda aikinsa farautar 'yan sanda masu cin hanci da masu haɗa baki da ɓata-gari. Mutum uku ne 'yan gida waɗanda ba sa canzawa: Adrian Dunbar a matsayin Sufuritanda Ted Hastings, Vicky McClure a matsayin Kate Fleming mai shiga cikin waɗanda ake zargi a ɓoye, da Martin Compston a matsayin Steve Arnott. Tunda waɗannan ukun za ka same su a duk zangon da ka ɗauka, ba su ne abin dubawa ba. Abin da ke raba zango da zango shi ne baƙon jarumin da aka ɗauko ya hau kujerar wanda ake tuhuma. Idan baƙon ya yi nauyi, zangon ya yi. Idan an kashe shi da wuri, to kuɗinka ya bi shi kabari, kuma wannan ya taɓa faruwa da ni, zan zo kansa.

Zango na 2 ya fito a 2014, kashi shida ne, baƙuwarsa kuwa Keeley Hawes. Ta fito a matsayin Sufeto Lindsay Denton, 'yar sandan da ta jagoranci ayarin motocin da ke ɗauke da wani shaida da hukuma ke ɓoyewa. Aka yi wa ayarin kwanton ɓauna da dare, aka kashe 'yan sanda uku, ita kaɗai ta fita da ƙafarta. Tambayar da za ta riƙe ka awa shida ita ce, sa'a ce ta tserar da ita ko da ita aka shirya?

Abin da ya sa nake fifita ta a kan sauran baƙin shi ne ba ta nemi a so ta ba. Hawes kyakkyawar mace ce da aka saba gani cikin kwalliya a wasu shirye-shiryen, amma a nan ta fito ba hoda ba jan baki, fuska a kumbure, gashi a yamutse, kamar wadda ta shekara ba ta yi barcin kirki ba. Denton na fama da bashi, mahaifiyarta na kwance a gidan kula da tsofaffi, abokan aikinta sun tsane ta har suka tura kanta cikin masai. Kana cikin jin tausayinta sai ka ga ta ɗauki kwalba ta kwaɗa wa maƙwabciyarta saboda ƙarar kiɗa, ta koma gida kamar ba ta yi komai ba. Ni da matata mun yi musu a kanta har kashi na ƙarshe. Ita tana cewa zaluntar baiwar Allah ake yi, ni ina cewa wannan kura ce da fatar akuya, washegari kuma sai mu yi musayar matsayi.

Sannan ga zaman tambayoyi, wanda shi ne gishirin shirin nan. Teburi ne kawai, da na'urar ɗaukar murya mai dogon ƙara kafin a fara, da takardu masu lamba, da ƙa'idar cewa ɗan sandan da ake tuhuma yana da ikon a ce wanda ya girme shi a muƙami ne zai yi masa tambaya. Yawancin baƙi kare kansu suke yi a wannan kujera. Denton kuwa zuwa ta yi da nata takardun. Ta tono wa Hastings bashin da ke kansa, ta tono wa Arnott alaƙarsa da wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin shaidu, ta nuna ta san abin da ke tsakanin Kate da mijin ɗaya daga cikin 'yan sandan da aka kashe. Masu farauta suka koma abin farauta a cikin ofishinsu. Wannan rawar ta sa aka saka sunan Hawes cikin masu takarar BAFTA, babbar kyautar fim da talabijin ta Birtaniya, kuma ban ga wanda ya yi mamaki ba.

Ƙananan baƙin zangon ma ba cike gurbi suka zo yi ba. Mark Bonnar ya fito a matsayin Mike Dryden, mataimakin shugaban rundunar, mai iya magana a gaban 'yan jarida da ɓoyayyen kashi a gindi. Jessica Raine kuma ta shigo a matsayin sabuwar abokiyar aikin Arnott. Kada ka saba da ita, iyakar abin da zan faɗa ke nan. Wata fa'idar ita ce ba sai ka ga zango na 1 za ka fahimci wannan ba, abin da ya haɗa su kaɗan ne kuma ana tuna maka shi a hanya.

Na 1 ɗin, na 2012, shi ne na biyu a wajena. Lennie James, wanda masu kallon The Walking Dead suka sani da Morgan, shi ne Tony Gates, gwarzon ɗan sandan shekara wanda aka fara bincikarsa a kan karin kumallon da ya ci kyauta, aka ƙare a kan gawar farkarsa. James ya iya nuna mutumin da ƙarya ɗaya ta ja shi cikin rami. A Birmingham aka ɗauki wannan zangon, daga na 2 aka koma Belfast. Idan kana da gurbin zango biyu, haɗa shi da na 2.

Yanzu ga inda na ƙone. Na 3, na 2016, an tallata shi da fuskar Daniel Mays, shi ne a jikin fosta, shi ne ake ta magana a kansa. Ni kuma a lokacin ban ga na 2 ba, na je na biya aka tura mini na 3 saboda shi kaɗai. Ya yi wasa mai kyau ƙwarai a matsayin Saje Danny Waldron, zaman tambayoyinsa ya tsayar mini da numfashi, sai ga shi kafin kashi na farko ya ƙare an harbe shi. Na zauna da sauran kashi biyar cike da mutanen da ban san tarihinsu ba, har da wata mata da ta fito daga kurkuku kowa na tsoronta, wadda daga baya na gane ita ce Denton. Zangon kansa ba shi da laifi, wasu ma sun ɗauke shi a kan mafi kyau, kuma Craig Parkinson ya yi abin a yaba a matsayin Dot Cottan. Amma ci gaban na 2 ne, wanda ya fara da shi ya shiga biki ana watsewa. Ka kuma sani cewa labarinsa ya shafi cin zarafin yara maza a gidan marayu, ba abin kunnawa a falo gaban yara ba ne.

Na 4, na 2017, shi ne shekarar da shirin ya tashi daga BBC Two ya koma BBC One, aka ɗauko Thandiwe Newton, wadda mahaifiyarta 'yar Zimbabuwe ce. Ta iya sanyin rai da kallon raini, tana nan har ƙarshe, sai dai labarin raunin hannunta ya fi ƙarfin hankalina. Na 5, na 2019, Stephen Graham ne, wuta ne shi a duk inda ya fito, amma ba ya kaiwa ƙarshen zangon. Na 6, na 2021, an ba Kelly Macdonald aikin zama tana damuwa kashi bakwai, kuma amsar da aka shekara da shekaru ana jira ta ɓata wa masu kallo da yawa rai. Kada ka fara da shi ko kyauta aka ba ka.

To, zaɓen zango rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tabbatar da cewa abin da aka tura maka shi ne abin da ka biya, domin a nan ne ake yanka mutane.

Fara da ƙirga. Na 1 kashi biyar ne, don haka kada ka kama wuyan mai shago kana neman na shida. Na 2 zuwa na 5 shida-shida ne. Na 6 bakwai ne, kuma a nan aka fi cutar mutane, domin mai turawa ya saba da shida, sai ya ba ka shida ya ce ya cika, ka je gida ka tarar babu ƙarshen labarin. Jimilla 36. Bayan ƙirga, duba tsawon kowanne tun kana tsaye a shagon. Kashi ɗaya ya kusa awa guda. Idan ka ga minti arba'in da wani abu, an yanke shi, kuma abin da ake yankewa galibi zaman tambayoyin nan ne, wato naman miyar. Kashin ƙarshe na zango na 3 kusan awa ɗaya da rabi ne. Wanda aka ba shi na awa ɗaya, an sace masa rabin awar da ta fi kowacce.

Sai rikicin suna. Akwai wani fim ɗin Amurka na 2019 mai wannan suna daidai, Aaron Eckhart ne jaruminsa, ba abin da ya haɗa shi da shirin nan. Wani yaro a wani shago ya taɓa tura mini shi yana rantsuwa cewa shi ne "cikon" labarin. Akwai kuma Bodyguard na 2018, wanda Mercurio ɗin ne ya rubuta kuma Keeley Hawes na ciki tare da Richard Madden. Saboda fuskarta, wasu kan sauya masa suna a kwamfuta su sayar da shi a matsayin wani zangon Line of Duty. Shiri ne mai kyau, amma ba shi ka nema ba. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe maka, a ja gaba kaɗan, idan ba ka ga Hastings da farar rigar ɗan sanda ba, a goge.

Kada ka yarda da hoton da ke jikin fayil ko fostar da aka liƙa a bango. Waɗannan daga intanet ake kwaso su, kuma na ga an manna fuskar Stephen Graham a kan zango na 4 don kawai an san shi. Na kuma ga inda aka jera kashi-kashi a hargitse, na huɗu ya zo kafin na uku, a shirin da sirri ɗaya ke rushe komai. Kowane kashi yana farawa da tunatarwar abin da ya wuce, to ka duba ko ta dace da lambar da aka rubuta.

Abu na ƙarshe da mutane ke rainawa shi ne rubutun ƙasa, wato rubutun maganar 'yan wasa da ke fitowa a ƙasan allo. Ko ka yi digiri a Turanci, ka nemi mai shi. Dunbar mutumin Ireland ta Arewa ne, Graham da harshen Liverpool yake magana, Macdonald 'yar Glasgow ce ta Sikotland, ga kuma gajerun haruffan aikin 'yan sanda da ake jefowa kamar ruwan sama. Compston ne mai sauƙin ji, shi ma ɗan Sikotland ne da ya ari harshen Landan don wannan rawar. Ka sa a kunna maka minti biyu ka ga ko rubutun yana tafiya tare da baki, domin akwai wanda ke riga magana da daƙiƙa biyar, ya faɗa maka amsa kafin Hastings ya gama tambaya. Idan kana da data da hanyar kallo ta halal a inda kake, duk wannan wahalar ta faɗi.

Ƙanin nawa ya karɓi na 2. Bayan kwana biyu ya kira ni da misalin sha ɗayan dare, bai ko yi sallama ba, ya ce, "Yaya, matar nan ita ta yi ko ba ita ba?" Na ce ya kai kashi na nawa, ya ce na huɗu. Na kashe wayata.