Sharhi kan sabwufa SVS SB-1000 Pro a falon bulo na Agege

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan sauti a kasuwar Alaba ya san yadda ake tallar wufa, wato akwatin sifikar da ke fitar da bes, sautin ƙasa mai kauri. Yaron shago zai ƙure murya har ka ji ƙirjinka na rawa, sannan ya nuna maka kwali an rubuta wat 5000 da manyan baƙaƙe. Wannan lamba ta PMPO ce, wato ƙololuwar ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido, ba ta gaya maka komai game da ƙarfin da akwatin zai iya riƙewa na tsawon waƙa guda. Abin dubawa shi ne RMS, ma'aunin ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai. Kuma dukan ƙirjin da kake ji a shago yawanci tsakanin 60 zuwa 100 Hz yake (Hz adadin girgizar sauti ne a daƙiƙa; ƙaramar lamba, sauti mai zurfi), wanda kowace sifika mai ɗan girma za ta iya. Ni abin da nake nema yana can ƙasa da haka.

Kayan da nake da su ba na a zo a gani ba ne: amfilifaya Yamaha A-S301 da ƙananan sifiku biyu Wharfedale Diamond 12.1. Muryarsu tas, amma daga wajen 65 Hz suke fara janyewa. To igiyar ƙasa ta jitar bes tana kan 41 Hz, makullin fiyano mafi zurfin sauti yana 27.5. Ke nan a kiɗan Afrobeat ko fuji ko amapiano akwai abin da makaɗan suka buga wanda bai taɓa isowa kunnena ba. Haka ma tambari: kana jin saukar bugun, amma ba ka jin cikin gangar.

Na tsaya a kan SB-1000 Pro ne saboda rufaffen akwati ne, ba shi da ramin fitar iska. Sifikarsa inci 12, amfilifayar cikinsa wat 325 RMS, kamfanin ya ce yana sauka har 20 Hz, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke kamawa. Girmansa bai kai inci 15 ba ta kowane ɓangare. Lokacin da ya fito a 2021 dala 500 ake sayar da shi a Amurka. Kafin ya iso Legas, tsakanin kuɗin jirgi da kwastan da canjin dala, sai dai mutum ya yi ta maza. Ɗan'uwansa PB-1000 Pro mai ramuka ya fi shi amo a can ƙasa, ya fi dacewa da mai kallon fina-finan yaƙi a babban falo, amma ƙato ne, kuma ni a bene nake, da wata dattijuwa Bayarabiya a ƙasana wadda muke mutunci da ita.

Kafin ka biya, juya bayan akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da wurin sa waya. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Kayan da aka yi don kasuwar Ingila ko Turai su ne daidai da mu. Nawa kuma ta sitabilaiza yake shan wuta, don a unguwarmu daga wutar gwamnati zuwa janareta zuwa inbata duk a yini ɗaya ne. An sha ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ban taɓa ganin ya manta saitinsa ba.

Haɗa shi minti biyu ne: waya ɗaya daga ramin sabwufa na bayan amfilifaya. Aikin gaske yana wajen nemo masa mazauni, kuma a nan ne na gane cewa rabin abin da kake ji ɗakinka ne ke bugawa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka tsawon igiyar sauti ta 40 Hz ya haura mita takwas, ya fi falon kansa. Tana dukan bango ta dawo ta haɗu da mai tahowa; wani wuri su taru su yi yawa, wani wuri su kashe juna. Lissafin mai sauƙi ne: raba 343 da ninki biyu na tsawon bangon. Falona mita biyar ne a huɗu, ke nan yana da kumburi a wajen 34 da 43 Hz. Gidajen Turawa da yawa bangon cikinsu allo ne mai ɗan lanƙwasa, yana shanye wani abu daga bes ɗin. Namu bulo ne da siminti da tayil, ba sa yafe komai. Shi ya sa shawarar da ake yawan bayarwa ta a tura akwatin kusurwa don ya ƙara ƙarfi ba ta karɓi ɗakina ba. A kusurwa duk waƙar da aka sa sauti ɗaya ke fitowa, wuuum, wuuum, ko mai jita ya hau ko ya sauka.

Dabarar da ta yi aiki tsohuwa ce. Ka ɗora sabwufan a kan kujerar da kake zama, ka sa waƙa mai bes da ke hawa da sauka, sai ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji kowane bugu ya fito daban da ɗan'uwansa, babu wanda ya danne wani, nan ne mazauninsa. Maiɗakina ta fito daga kicin ta tarar da ni a ƙasa, kunne kusa da tayil, ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Baban Ummi, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?" Na ce mata bes nake nema. Ba ta ce komai ba, ta koma. Wurin da na samu yana jikin bangon gaba, tsakanin sifikar hagu da teburin talabijin, da ɗan tazara daga kusurwa.

Daga nan sai manhajar waya, wadda ita ce ta sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Ta Bluetooth take magana da akwatin, kana zaune a kujerarka kake saita komai, ba sai kana tashi kana leƙa bayansa ba. Da yake bes yana canzawa daga taku ɗaya zuwa wani, saiti daga inda kake zama shi ne saiti.

Abu na farko iyakar da zai tsaya ya bar wa ƙananan sifiku. Za ka ji ana ta faɗin 80 Hz, ma'aunin da kamfanin sautin sinima THX ya yaɗa, amma wannan na masu risiba ne, wato amfilifayar sinimar gida, wadda ke yanke bes daga ƙananan sifikun ta miƙa wa sabwufa. Amfilifaya irin tawa ba ta yanke komai, sifikun na ci gaba da buga nasu har ƙasa. In ka sa 80, tsakanin 65 da 80 ana buga abu sau biyu ke nan. Na ajiye nawa a 60. Gwajin da na fi yarda da shi ba na kiɗa ba ne: kunna labaran rediyo na safe, in muryar mai karantawa ta yi kauri kamar yana magana daga cikin randa, ko ka iya nuna akwatin da yatsa idonka a rufe, to ka yi sama da yawa.

Sai abin da aka rubuta wa Phase, daga 0 zuwa 180. Sa sautin gwaji na 60 Hz, ka riƙa murzawa har ka kai inda ya fi cika a kujerarka; a nan sabwufa da sifiku ke tura iska tare maimakon ɗaya na turawa ɗaya na ja. Akwai kuma gurabe uku na rage ko ƙara wani sauti takamaimai. Da ɗaya na sassabe kumburin 43 ɗin nan, nan take jitar bes ta fara furta kalmominta. Wani abokina mai gyaran sauti a wuraren biki a Idi-Araba ya zo da makirfon UMIK-1 da manhajar REW ta kyauta a kwamfutarsa, ya auna ya nuna min ramin da ke wajen kujerar baƙi, wato wurin da bes ke ɓacewa. Na ce a cike shi. Ya ce, "Malam, bar shi. Rami ba ya cikuwa da ƙarin wuta, sai dai ka matsar da kujera ko ka sayi na biyu." Na matsar da kujera.

Akwai abubuwan da ba laifin akwatin ba ne amma shi ke tono su. Gilasan luba na tagar falo sun fara kaɗawa, sai da na cusa guntun roba a tsakaninsu. Kofunan tangaran na cikin kabad ma sun shiga amshi, aka shimfiɗa musu kyalle. Wani ɗan gurnani mara yankewa da ya bayyana da na haɗa talabijin, 50 Hz na wutar gida ne, ta wayar dish yake shigowa; wata 'yar na'ura mai raba layin earth da ake ɗaurawa a wayar ce ta kashe shi. Saboda Mama ta ƙasa kuwa, na ɗora akwatin a kan ƙafafun roba masu laushi, sannan na ajiye saiti na dabam mai rauni wanda nake komawa bayan sallar isha'i. Robar na rage girgizar da ke bin daɓe, amma ba ta hana bes ratsa bango, kada wani ya ruɗe ka. Na sauka na tambaye ta da kaina, ta ce janaretan maƙwabta ya fi damunta.

Wanda ke son wufar da za ta tara yaran layi ranar suna, wannan ba nasa ba ne, ya koma Alaba ya sayi manyan akwatuna na haya, kuma zai kashe ƙasa da kuɗin wannan. Idan falonka ya kai girman na gidajen Lekki mai haɗe da wurin cin abinci, guda ɗaya zai yi maka kaɗan. Amma ga ɗaki irin nawa da ƙananan sifiku, ƙarfinsa ya wuce buƙata, ban taɓa kai shi rabi ba. Baƙi da dama sun zauna sun yaba wa ƙananan sifikun, suna mamakin yadda abu ɗan wannan ke fitar da tambari haka, sai na kashe sabwufan daga waya waƙar na tsakiya su ga bambanci. In na sake samun kuɗi, na biyu irinsa zan saya in ajiye a bangon baya saboda kujerar baƙi.