GARGAƊI GA MASU ƊAUKAR HOTO 'YAN BAKIN F: KADA KU TURA WA WANNAN MUTUMIN KUƊI

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto, musamman waɗanda har yau muke riƙe da kyamarorin Nikon masu madubi. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp yana tallar lensi da bodi (gangar jikin kyamara ba tare da lensi ba) na hannu, ya cuci mutane a Kano da Kaduna da Zariya. Ban rubuta sunansa ba domin magana na hannun hukuma, kuma sunan da yake amfani da shi ma ba ɗaya ba ne. Salonsa dai ɗaya ne, shi nake so ku gane.

Ba da talla yake shigowa ba. Sai ya yi watanni a cikinmu ana hira. In wani ya yi tambaya kan hasken zauren biki, ya ba da amsa mai ma'ana. In aka yi wa wani rasuwa, yana cikin na farkon masu ta'aziyya. Manya yana ce musu Oga ko Malam, yara yana ce musu ƙanena. Kuma ya san inda ke mana ciwo. Tun da Nikon ya fito da bakin Z a 2018, wato sabon wurin ɗaura lensi na kyamarorinsa marasa madubi, hankalin kamfanin ya koma can, kyamarorin D780 da D6 na 2020 su ne na ƙarshe da muka gani a layinmu. Bakin F kuwa, wurin ɗaura lensi na kyamarorinmu masu madubi, tun 1959 yake, lensin da maigidanka ya yi aiki da shi a zamanin fim yana iya hawa D750 ɗinka yau ya fitar da hoton da amarya za ta yi murna. Mun tara kayan nan da gumi, ɗaya bayan ɗaya, ga canjin dala ya sa sabbin sun fi ƙarfin yawancinmu. Shi ya sa muke aron lensi a tsakaninmu ranar Asabar in biki ya yi karo, shi ya sa kuma muke jin haushi in wani ya kalli kyamararmu ya ce ta tsufa. Wannan haushin ya riƙa taya mu, har muka ɗauke shi namu.

Sannan wata rana ya ce dole ta sa zai koma Z, wai wani kamfani ya ba shi aikin bidiyo. Ba ya son kayansa su faɗa hannun 'yan kasuwa, ya fi so su tsaya a gida. Ya sa hotuna masu kyau: lensin 50mm f/1.8G, 85mm f/1.8G, 24-70mm f/2.8, da bodi. Farashin bai faɗi ƙasa warwas ba, balle mutum ya yi zargi, ya dai sauko daidai yadda za ka ji tsoron wani ya riga ka. Daga nan sai ya bi ka ta bayan fage: “Oga, wane ma ya yi magana, amma kai na fi so ka samu. Turo kafin alƙalami in ajiye maka.” Lambar asusun da zai turo ba sunansa ke kai ba, sai ya ce na maiɗakinsa ne, nasa yana da matsala. Bayan abin ya fashe ne muka gano 85mm ɗin nan guda ɗaya mutane da dama ya karɓi kuɗinsu a kansa, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa don kada a yi masa shigar sauri.

Wasu tun da alat ɗin kuɗinsu ya shiga ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Yau direba bai tashi ba, gobe an tsare mota a hanya, jibi waya a kashe. Amma waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda kaya suka iso musu.

Akwai wani yaro da ke koyon aiki a wurin abokina, D3200 gare shi, ya daɗe yana tara kuɗin hoton fasfo da na sunaye don ya sayi 50mm. Ya je tasha ya karɓo kwali, an naɗe da salatif kamar abin arziki. Da ya ɗora lensin ya danna, shiru, fokas bai motsa ba. Muka karɓa muka juya bayansa, sai ga zoben lambobi a gindi da ɗan ramin sukuru a jikin ƙarfen bakin. Wato 50mm f/1.8D aka turo masa, ba G ba. Wannan lensin D ba shi da injin fokas a cikinsa kamar na G ɗin, bodi ne ke juya shi, su kuwa jerin D3000 da D5000 duk ba su da wannan injin. A kan D90 ko D7100 ko D750 zai yi aiki lafiya lau, a kan D3200 sai dai ka juya da hannu, kuma wanda ya taɓa bin ango da amarya suna shigowa fili ya san hannu ba zai cim musu ba. Ko an ɗora shi a kan Z da adaftar FTZ mai haɗa lensin F da bodin Z, fokas sai da hannu. Mutumin nan ya san wannan sarai, domin shi da kansa ya taɓa yi wa wani bayaninsa a zaure. Da yaron ya kira shi, cewa ya yi kyamararsa ce ƙarama. Yaron nan bai yi kuka a gabanmu ba, amma ya daɗe zaune da kwalin a cinyarsa.

Na biyun 24-70 ne. Daga waje tsaf, roba ba ta saki ba. Sai da aka buɗe murfi gaba da baya aka haska tocilar waya ta ciki, sai ga funfuna ta yi zare-zare kamar yanar gizo a gilashin tsakiya. Mu a Arewa ƙurar hunturu muka saba da ita, ƙura kaɗan a cikin lensi ba ta hana hoto. Funfuna daban ce, danshi ke kawo ta, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan. Hoto ya riƙa fitowa da hazo, musamman in haske na gaba.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne kaɗai. Yanzu in wani ya nemi aron lensi sai a yi shiru. Wani dattijo a cikinmu da ya shekara da shekaru yana sayar da kayan hannu bisa gaskiya ya sa tallar filasha, ba wanda ya tanka masa. Mutane biyu da suka yi tarayya a sutudiyo ba sa magana, domin ɗaya ne ya ce wa ɗayan “na san shi, tura kawai”, alhali sanin bai wuce na waya ba.

Don Allah, duk wanda zai sayi kayan hannu, kada ya biya sai lensin ya hau kyamararsa. Je da bodinka da memorinka. Haska tocila ta ciki. Taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan lensin ka ga ganyayen ido, wato faifan da ke daidaita shigar haske, suna buɗewa suna rufewa da sauri, in da maiƙo a jikinsu ko suna jan jiki, ajiye. Karanta abin da aka rubuta a jiki da idonka: AF-S yana da injin fokas nasa, AF ko AF-D ba shi da shi, AF-P kuma ba ya aiki a kan tsofaffi irin D90 da D3100. Tsofaffin lensi na kafin 1977 da ba a gyara bakinsu ba suna iya lanƙwasa ɗan harshen da ke bakin D7000 ko D750, kada a tura su da ƙarfi.

In bodi ne, rubutun gaba ba hujja ba ne. Nikon da kansa ya yi gargaɗi a 2015 cewa ana sauya wa D7100 riga a sayar da ita a matsayin D610, haka D4 a matsayin D4S. Ɗauki hoto, buɗe shi a allon kyamarar, shiga shafin bayanan hoton, ainihin sunanta zai fito. A cikin fayil ɗin hoton kuma akwai adadin harbin da shata, wato labulen da ke buɗewa a kowane hoto, ta yi. D750 an ƙiyasta mata 150,000, sai ka san nawa ya rage maka kafin ka yi tayi.

In kuwa gari ya raba ku, nemi ɗan uwa mai sana'a a can ya je ya gani da idonsa. In bai samu ba, a yi kiran bidiyo, mai kaya ya nuna lambar siriyal kusa da takarda mai ranar yau da sunanka. Wannan mutumin duk wanda ya nemi kiran bidiyo sai ya ce netwok ba kyau. Sunan asusu kuma ya zo ɗaya da na wanda kake ciniki da shi. Kuma a daina cinikin ɓoye, a faɗa a zaure cewa ni zan ɗauki kaza, da an yi haka tun farko da asirinsa ya tonu a kan mutum na biyu.

Wanda abin ya shafa kada kunya ta sa ya yi shiru. Kada ka goge hirarku, ajiye rasit ɗin tura kuɗi da saƙonnin muryarsa da kwalin da takardar tasha. Kai ƙorafi bankinka da wuri, sannan ka shigar da ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Muna haɗa shaidun wuri ɗaya, domin lambobin asusun da ya bayar sun bambanta kuma ana buƙatar kowace. A tura wannan saƙo zuwa zaurukan Katsina da Sakkwato da Jos, har da na 'yan Canon masu bakin EF, don mun ji ya fara gaisuwa a can da sabuwar lamba.